In alheri ne ke ceto, ina amfanin aikina, kuma ina zabina yake?

Dan'uwa sannu da kokari, na ga sakonka tun ranar Litinin amma na bari sai da na samu zama sosai, don tambayar taka ba irin wadda ake amsawa a tsaye bace. Kace a zumuntar matasa na cocinku gardama ta barke bayan kun yi nazarin Afisawa sura 2, wani yace tunda ceto ta wurin alheri ne ba ta wurin ayyuka ba toh ko me mutum yayi ya riga ya tsira, wani ya bude masa Yakubu sura 2 yace bangaskiyar da ba aiki matacciya ce, na uku kuma ya kawo nasa yace ai Allah ya riga ya zabi nasa tun kafin a kafa duniya saboda haka fita bishara ma wahalar banza ce, kai kuma ka koma gida kanka ya daure kana tambaya wai wanne ne daidai, kuma in Allah ne ke yin komai kai ina zabinka yake.

Na dade ina koyar da tarihin ekklisiya a makarantar Littafi Mai Tsarki kuma ban taba samun aji daya da wannan magana bata tashi ba, wani lokaci har sai an fita cin abinci ana ci gaba da ita a gindin bishiya. Ku kwantar da hankalinku, ba ku kuka fara ba, yau shekara wajen 1600 kenan masu bi suna kai da kawowa a kanta, kuma abokan nan naka uku kowanne akwai wanda ya riga shi fadin abinda ya fada.

Bari in fara da wata magana da duk Bahaushe ya sani, wai Allah yace tashi in taimake ka. Na sha tambayar dalibai su nuna min ayar, sai kaga ana ta bude Karin Magana ana bude Zabura, babu ita dan'uwa, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki ko ta ina. A harkar noma da neman abinci maganar tana da kyau, malalaci ba ya girbi, amma in ka dauko ta ka sa a maganar ceto toh ka shigo tsakiyar rigimar kenan, domin tambayar duka ita ce: wa ke fara motsi, mutum ne ke tashi sannan Allah ya taimake shi, ko kuwa Allah ne ke tada shi tukuna?

Wajen shekara ta 400 akwai wani malami a birnin Roma sunansa Pelajiyus, mutumin Birtaniya ne, mai kamun kai sosai, ko abokan gabansa basu zarge shi da lalata ba. Abinda ya dame shi shine yadda manyan masu kudin Roma suka cika coci tunda addinin ya zama na sarauta, suna zaman banza, in an yi musu fada suce ai mu 'yan Adam ne ajizai. Ana nan sai ya ji an karanto wata addu'a ta Agustin bishop na Hippo, inda yake cewa Allah ka bani ikon yin abinda ka umarta sannan ka umarci duk abinda kaga dama. Ran Pelajiyus ya baci, yace irin wannan magana ita ke kashe wa mutane jiki, Allah mai adalci bazai umarci abinda mutum bazai iya ba, in yace ku zama tsarkaka toh za mu iya kenan. Shi da almajirinsa Selestiyus suka koyar cewa zunubin Adamu shi ya cuta, mu dai mugun misali ya bar mana, jariri ana haifarsa tas kamar Adamu kafin faduwa, alheri kuma a wurinsu shine hankali da 'yancin zabi da Allah ya bamu, da shari'a, da koyarwa da misalin Yesu, da gafarar zunuban baya. Sauran aikin namu ne.

Shi kuwa Agustin dan Afirka ne kamar mu, an haife shi a 354 a garin Tagaste wanda yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya, Hippo din kuma ita ce Annaba ta yanzu. Mutum ne da ya san kansa, ya yi shekaru yana sanin gaskiya yana kasa binta, shi da bakinsa ya fada cewa yana saurayi ya kan roki Allah ya bashi tsarkin jiki amma ba yanzu ba, sai a 386 a Milan ya tuba aka yi masa baftisma a 387. Saboda haka da yaji ana cewa mutum in ya so zai iya, yace ai matsalar tana cikin son din ne. Mutane da yawa basu gane wannan ba, suna zaton Agustin yace mutum bashi da zabi. Abinda yace shine mutum yana zabe, amma abinda zuciyarsa ke kauna shi yake zaba, zuciyar kuma ta karkace tun daga Adamu, sai Allah ya warkar da ita daga ciki kafin ta so abinda ya kamata.

Na gane wannan da kyau ne a wurin wani yaro da iyayensa suka kawo min, maganin tari da kwaya sun kama shi. Muna zaune a barandar gidana da yamma, hannunsa na rawa, ya rike kofin shayi da hannu biyu don kada ya zube, yace min Baba ba wanda ke dura min, da kafata nake zuwa in saya, da kudina, kuma ina tafiya ina kuka. Kaga zabi yana nan, ba wanda ya daure shi da igiya, laifin kuma nasa ne shi ma bai musa ba, amma je ka ce masa tashi in taimake ka kaga ko zai tashi. Abinda Bulus ya fada kenan a Romawa 7, nagarin da nake so bana yi, mugun da bana so shi nake yi, kuma a Afisawa 2 din da kuka karanta kalmar da ya yi amfani da ita ta fi ciwo nauyi, cewa yayi matattu ne mu cikin laifofinmu.

Bayan an ci Roma da yaki a 410 su Pelajiyus suka tsallako Afirka ta Arewa, rigima ta kankama, wani taro a Falasdinu a 415 ya wanke shi, amma a 418 bishop-bishop sama da 200 suka taru a Kartej cikin Tunisiya ta yau suka yi watsi da koyarwar, taron Afisa na 431 ya kara tabbatarwa. Daga nan har yau babu wata babbar ekklisiya, Katolika ko Otodoks ko Furotestan, da ta yarda a rubuce cewa mutum zai iya ceton kansa da kokarinsa. Rike wannan da kyau.

Amma maganar bata mutu ba, don Agustin da ya tsufa ya kara zurfafawa, yace in bangaskiyar ma kyauta ce, kuma ba kowa ke bada gaskiya ba, toh Allah ne ya zabi wadanda zai ba. Wasu sufaye a garin Hadrumetum, Susa ta Tunisiya a yanzu, da suka karanta wasikarsa wajen 426 sai gidan ya hargitse, har wani yace toh shugabanmu ya daina tsawata mana in mun yi laifi, yayi mana addu'a kawai Allah ya bamu alheri. Kaji abokinka na uku sak. Agustin bai ce musu kun yi daidai ba, littafi guda ya rubuta musu yana cewa tsawatarwar ita kanta hanya ce da Allah ke bi ya juyo da mutum, likita ba ya fasa bada magani don warkarwa ta Allah ce. Wasu sufayen kuma a kudancin Faransa wajen Marsel suka ce a raba, wani lokaci mutum ne ke fara dan yunkuri sai Allah ya karasa, wato tashi in taimake ka din nan tamu. Sai a 529 a taron Oranj aka yanke: ko farkon bangaskiya, ko marmarin yin addu'ar ma, Ruhu Mai Tsarki ne ke sa shi, amma wanda aka yi wa baftisma dole ya yi aiki da taimakon Almasihu, sannan suka la'anci duk mai cewa Allah ya kaddara wani ga mugunta. A ganina da an rike wannan da an huta da rabin fadan da ya biyo baya.

Zamanin Martin Luta kuma abin ya dawo ta wata kofa. A 1517 wani mai wa'azi Tetzel yana yawo a Jamus yana sayar da takardun sassaucin horon zunubi, kudin wani kaso na ginin cocin Bitrus a Roma wani kaso na biyan bashin babban bishop na Mainz, talakawa suna zuba kudi suna ganin sun fanshi iyayensu da suka mutu. Luta kuwa ya riga ya gaji da kansa a gidan sufaye, azumi da tsaron dare da furta zunubi na sa'o'i bai samu salama ba, sai da Romawa 1:17 ta bude masa cewa mai adalci ta wurin bangaskiya zai rayu. A 1524 Irasmus, babban masanin Turai na lokacin, ya rubuta yana kare 'yancin zabi, yace ko kadan ne a bar wa mutum nasa, in ba haka ba duk umarnin da ke cikin Littafi ya zama wasa. Luta ya amsa a 1525 da zafi, yace nufin mutum kamar dabbar hawa ne, in Allah ya hau ta bi inda Allah ke so in Shaidan ya hau ta bi nasa, amma ya gode wa Irasmus don shi kadai ne ya kama ainihin maganar bai tsaya kan batun Paparoma da takardu ba. Ni dai misalin dabbar nan bai kwanta min ba, ya wuce inda Agustin ya tsaya, kuma Lutarawan da suka biyo baya ma sun sassauta harshe.

Kada kuma wani ya gaya maka wai Katolika suna koyar da cewa aiki ne ke ceto, wannan kage ne kuma muna yawan yinsa a kan bagade. Taron Trent a 1547 ya fada a fili cewa babu abinda ke zuwa kafin barata, wato Allah ya karbi mutum a matsayin mai adalci, ko bangaskiya ko ayyuka, da ya cancanci alherin nan, kuma duk mai cewa mutum zai barata da ayyukansa ba tare da alherin Almasihu ba la'ananne ne. Bambancin shine su suna ganin barata ta hada da sabunta mutum daga ciki, mutum yana hada kai da alheri, yana iya kinsa, kuma ayyukan da aka yi cikin alheri suna da lada na gaske, su Luta kuma suka ce barata hukunci ne da Allah ya yanke saboda adalcin Almasihu kadai, sabuntawar tana biyowa baya amma ba ita bace dalilin karbuwa. Sayar da takardun nan ma Paparoma Piyus na 5 ya hana a 1567.

Yanzu ga Bulus da Yakubu, wanda shine ya fi damun ku. Luta kansa ya sha wahala da Yakubu, a 1522 har ya kira wasikar ta ciyawa in an gwada ta da sauran, amma bai cire ta ba. Ka duba da wa kowannensu ke magana. Bulus a Galatiyawa da Romawa yana fama ne da masu cewa sai al'ummai sun yi kaciya sun kiyaye shari'ar Musa kafin Allah ya karbe su, wato suna sa wa kofa kudin shiga. Yakubu kuma yana fama da mutumin da ke cikin coci ya riga ya iya duk amsoshin ajin baftisma, dan'uwansa ya zo ba riga ba abinci yace masa sauka lafiya Allah ya rufa asiri, bai bashi ko kwano daya na masara ba. Bangaskiyar da Yakubu ke kira matacciya ya fassara ta da kansa, yace aljanu ma sun yarda Allah daya ne har suna rawar jiki. Dukansu biyu Ibrahim suka kawo, Bulus ya dauko Farawa 15 inda ya gaskata Allah aka lasafta masa adalci tun ba a haifi Ishaku ba, Yakubu ya dauko Farawa 22 bayan shekaru masu yawa inda bangaskiyar nan ta fito fili a kan dutse da wuka a hannu. Mutum daya ne, bangaskiya daya ce. Kuma Bulus din da ake fakewa da shi shine yace a Galatiyawa 5:6 abinda ke da amfani shine bangaskiya mai aiki ta wurin kauna, shine kuma a Romawa 6 ya tambaya ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya karu, ya amsa da a'a mai karfi. Abokinka na farko a Afisawa 2 aya 9 ya rufe littafin, aya 10 na nan tana cewa mu aikin hannun Allah ne, an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka da Allah ya shirya tun da.

Mu Hausa ta ba mu hanyar gane wannan da ta fi ta Turawa sauki, amma ta kuma dana mana tarko. Tarkon shine kalmar alheri a bakinmu tana tafiya da ramuwa, alheri danko ne baya faduwa kasa banza, mace ta kai miki gudunmawa a bikinki ke ma sai kin mayar ranar nata har da kari, in baki mayar ba an yi ta magana kenan. Sai mu dauka haka alherin Allah yake, ya yi mana, yana binmu bashi, muna biya da zakka da azumi da zuwa addu'ar asuba. Hanyar ganewa kuma ita ce tukuici. In babban mutum ya aiko maka da doki ko babbar riga, ka kan ba dan aiken wani abu, yaba kyauta tukuici, amma ba mai hankalin da zai ce tukuicin nan kudin dokin ne, in ma kace nawa zan biya ka zagi wanda ya aiko. Wanda kuma aka kawo wa doki ya karbi linzami ya juya ko sannu babu, kowa ya san bai san darajar abinda aka bashi ba. Ayyukanmu tukuici ne, kuma Allah da yake ba ya bukatar komai sai ya nuna mana 'yan aiken da za mu ba, mayunwaci da bako da mara lafiya da dan kurkuku na Matiyu 25. Katekisim na Haidelbag na 1563 haka ya tsara kansa, bacin mutum, kubutarsa, sannan godiya, kuma duk maganar ayyuka da Dokoki Goma a karkashin godiya ya sa su. Har ma tukuicin daga aljihunsa ya fito, kamar yadda kake ganin uba ranar Lahadi yana dankawa yaronsa naira hamsin a hannu ya je ya sa a baiko, yaron ya tafi da gudu yana murna, shi ya bayar da gaske amma kudin na babansa ne. Agustin yace in Allah ya saka wa ayyukanmu, kyautarsa ce yake nadawa rawani.

Saura mai wuyar, zabe da kaddara. Kalvin na Jeneba ya bi Agustin har karshe ya kuma kara, yace Allah tun fil'azal ya kaddara wasu ga rai wasu ga hallaka, shi kansa ya kira hukuncin abin tsoro. Wani malami a jami'ar Laiden ta Holan, Arminiyus, wanda a Jeneba ma yayi karatu, ya kasa hadiye wannan, bayan rasuwarsa a 1609 mabiyansa suka mika takarda mai batutuwa biyar a 1610, aka kira babban taro a Dort daga 1618 zuwa 1619 aka kayar da su, fastoci wajen 200 suka rasa aiki, siyasa ta shiga har aka sare kan wani dattijo jigon gwamnatin kasar mai goyon bayansu. Abinda mutane basu sani ba shine Arminiyus bai ce mutum na iya tashi da kansa ba, ya yarda mutum matacce ne sai alheri ya riga shi. Inda suka rabu kunkuntar wuri ne: su Dort suka ce alherin da ke ceto yana cika aikinsa tabbas a cikin zababbu, yana mayar da mara so ya zama mai so, su Arminiyus suka ce alheri na zuwa wa kowa yana bude masa ido amma mutum na iya kinsa. Katolika ma sun yi irin wannan fada a cikin gida tsakanin kungiyoyin limamansu biyu, Dominikawa da Jesuwit, aka yi shekaru ana zama a gaban Paparoma, a 1607 Paparoma Bulus na 5 ya sallami kowa yace kada wani ya kara kiran dan'uwansa dan bidi'a. A Ingila kuma Jon Wesli da Joj Waitfil abokai ne na kut da kut wajen wa'azin farkawa, wannan batu ya raba su wajen 1740, amma da Waitfil ya rasu a 1770 Wesli ne yayi wa'azin tunawa da shi kamar yadda marigayin ya so. Ka gaya wa abokinka na uku cewa Waitfil mai imani da zabe sau bakwai ya tafi Amurka yana wa'azi a fili, zaben bai sa shi ya zauna a gida ba.

Kowane bangare akwai ayoyin da ke matsa masa. Mai bin Arminiyus sai yayi gumi a Romawa 9 da Yahaya 6:44 inda Yesu yace ba mai iya zuwa wurina sai Uba ya jawo shi. Mai bin Kalvin kuma sai yayi gumi a 1 Timoti 2:4 inda Allah ke so dukan mutane su tsira, da Matiyu 23:37 inda Yesu ke makoki kan Urushalima yana cewa sau nawa na so in tattara ku kamar kaza da 'yan tsakinta amma kun ki. In kana son sanin inda ni na tsaya, ga shi: wanda ya tsira bashi da abin fahariya ko na kwayar gero, Allah ne ya fara shi ya rike shi, wanda ya hallaka kuma kinsa ne ya hallaka shi, ban yarda Allah ya halicci wani don wuta ba, Ezekiyel 33:11 ta hana ni. Na san masu ilimin mandiki za su ce layukan biyu basu hadu ba, na yarda basu hadu a kaina ba, amma Littafin ya ajiye su kusa da juna ba tare da jin kunya ba, Filibiyawa 2:12 da 13 tace ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, dalili kuwa Allah ne ke aiki a cikinku ku so ku kuma aikata. Duba Ayyukan Manzanni 27, mala'ika ya riga ya gaya wa Bulus cewa mutum 276 din da ke jirgin ba wanda zai mutu, amma da matukan suka so su sulale da karamin kwalekwale Bulus yace wa sojoji in wadannan basu tsaya ba ba za ku tsira ba. Alkawarin tabbas ne, gargadin ma gaskiya ne, kuma ta wurin gargadin alkawarin ya cika. Ka lura da kanka ma, in kana yi wa kaninka da ya bace addu'a cewa kake Ubangiji ka juyo da zuciyarsa, in kuma ka same shi zaune cewa kake ka tuba ka dawo, baka taba jin ka yi karya a ko daya ba.

Makwabtanmu Musulmi ma sun san irin wannan gardama, Kadariyya da Jabariyya da Ash'ariyya duk kan kaddara da zabin bawa ne, kuma akwai hadisi sananne cewa ba wanda aikinsa zai shigar da shi aljanna sai da rahamar Allah. Mun bambanta sosai a kan gicciye da yadda gafara ke samuwa, amma in abokinka Musulmi yace maka ku ai an mutu dominku sai ku yi ta sabo, kada kayi fushi, bude masa Romawa 6 da Titus 2:11 da 12 inda alherin ne da kansa ke koya mana mu ki rashin tsoron Allah.

Batun ko mai bi zai iya rasa cetonsa nan ma an rabu, Katolika da Lutarawa da Metodis sun ce zai iya faduwa, masu bin Kalvin sun ce wanda aka haifa daga sama Allah zai rike shi har karshe. Amma ko Kalvin din bai taba cewa wanda ya daga hannu a taron farkawa shekara goma da suka wuce yana kwance cikin zina da cin amana hankali kwance yana da tabbaci ba, cewa za su yi rikon da Allah ke yi yana bayyana ne cikin jimrewa da tuba. Kaga a aikace duka bangarorin abu daya za su gaya wa irin wannan mutum.

Mu a arewa duk wadannan koguna sun malalo mana. Lutarawan Denmak sun sauka Numan a 1913, daga nan cocin Lutarawa ta LCCN ta fito, masu bin Kalvin suka yi aiki wajen Takum da kasar Tibi, ga Metodis a Taraba, ga Ekklisiyar 'Yan'uwa da ta fara a Garkida a 1923, ga Anglika a Wusasa, ga mishan ta SIM da ta haifi ECWA, ga Katolika ko'ina, kuma tun 1959 'ya'yan da yawa daga cikin wadannan suke karatu a aji daya a TCNN, kwalejin tauhidi da ke Bukuru. A waje ma an matso kusa, ranar 31 ga Oktoba 1999 a Augsbag Katolika da Tarayyar Lutarawa ta Duniya suka sa hannu cewa ta wurin alheri kadai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah ke karbarmu ya bamu Ruhu mai sabunta zuciya ya kira mu ga kyawawan ayyuka, Metodis suka shiga a 2006, masu bin Kalvin a 2017, shekarar da aka zabi Akbishop Musa Panti Filibus na LCCN ya shugabanci tarayyar Lutarawan. Ba duk bambanci ne ya kare ba amma wannan ba karamin abu bane.

Abinda ya fi tsorata ni a cocinmu yau ba Dort bane, Tetzel ne ya dawo da sabuwar riga, a ce maka shuka iri na dubu hamsin kofarka ta bude, wanda bai biya zakka ba kada ya sa ran sama, har talaka ya dauka Allah dan kasuwa ne. Illar sai a bakin mutuwa ake ganinta. An taba kirana wurin wata tsohuwa a asibiti, shekara sama da arba'in tana zumuntar mata, ita ke share coci ranar Asabar, marayu nawa ta rike ba a kirga ba, na same ta an sa mata karin ruwa, zanen zumunta a lullube da kafafunta, ta kama hannuna tace Malam ina tsoro, ban sani ba ko abinda nayi ya isa, akwai shekarun da ban cika zakka ba. Nace mata Mama bai isa ba, nawa ma bai isa ba, ba a taba nufin ya isa ba, na karanta mata labarin barawon da ke kan gicciye a Luka 23 wanda hannuwansa ke kafe ba abinda zai iya yi sai roko, Yesu yace masa yau kana tare da ni a Firdausi. Tayi shiru can tace toh sharar da nayi fa, ta tafi a banza kenan? Nace ko kofin ruwan sanyi bai manta ba, Matiyu 10:42, tukuicinki ne kuma ya karba. Sai ta saki hannuna tace a kira jikarta ta gyara mata filo.

Ranar da za ku sake haduwa ku karanta Afisawa 2 daga aya 1 har 10 a tare da murya, sannan Yakubu 2 daga aya 14, ka ba na farkon Romawa 6 ya karanta da bakinsa, na ukun kuma Romawa 10 daga aya 13 zuwa 15, inda Bulus din da ya rubuta sura 9 yake tambaya yaya za su ji in ba mai wa'azi. In wani abu ya sake daure muku ka rubuto min, ka kuma gaida min fastonku da mutanen gida.